Camfin Shekara 27 a Tarihin Kiɗan Rok



A Amurka ana ba da labarin Robert Johnson, makaɗin jita na Jihar Misisipi wanda makaɗan rok suka gaji salonsa. Wai da tsakar dare ya je mararraba ya sayar wa Shaiɗan ransa don ya ƙware. Alhali kuwa wani gwani, Ike Zimmerman, shi ya koya masa. Ya rasu a 1938, yana da shekara 27.

Da Brian Jones ya nutse a ruwa a 1969, Jimi Hendrix da Janis Joplin suka bi shi a 1970, sannan Jim Morrison a 1971, kowannensu yana da shekara 27, sai aka ce la'ana ce. To, amma ƙwayar barci ce ta yi ajalin Hendrix, Joplin kuwa heroyin. Morrison ba a binciki gawarsa ba, shi ya sa jita-jita ta yi yawa.

A 2011 mujallar likitoci ta BMJ ta buga binciken da ya ƙaryata camfin nan: makaɗa dai sun fi sauran jama'a mutuwa da ƙuruciya.

Ɗalibai, wanda ya ɗora wa la'ana laifi ya hutar da mai sayar da ƙwaya.