Ɓad da Kama a Bakin Turawa



Abin da mu kan kira ɓad da kama, Turawan Ingila ba su bar shi da suna guda ba. Sai sun dubi matsayin wanda ya ɓuya tukuna, sa'an nan su zaɓar masa kalma.

Ta sarakuna ita ce "incognito", wadda suka aro daga Italiyanci a ƙarni na 17. Tushenta Latin ne, ma'anarta wanda ba a sani ba, daga baya bakin mutane ya gutsure ta ta koma "incog". A 1697 Sarkin Rasha, Bitrus Babba, ya fita rangadin Turai da sunan Pyotr Mikhailov, har ya kama aikin sassaƙar jirgin ruwa a Zaandam ta ƙasar Holan. To, mutum mai tsawon mita 2, ina zai ɓuya? 'Yan kallo suka yi masa caa, bayan kamar mako guda ya koma Amsterdam. Irin wannan ɓuya dai amfaninta ta sauke wa sarki da masu masaukinsa nauyin fadanci.

"John Doe" kuwa lauyoyi ne suka ƙago shi don shari'ar filaye, shi da abokinsa "Richard Roe". Dokar 1852 ta sallame su a Ingila, amma a Amurka sunan ya zauna wa gawar da ba a gane mai ita ba.

Wadda ta fi shafarmu ita ce "alias". Da can lauyoyi kan rubuta "alias dictus" da Latin, watau wanda kuma ake kira kaza, babu zargi a ciki ko kaɗan. Yawan zamanta a takardun kotu da na 'yan sanda shi ya shafa mata warin laifi, har yau Bature in ya gan ta sai ya tuna ɗan damfara.

Alhali kuwa a ƙasar Hausa wa ya rasa laƙabi? Wanda aka raɗa wa Musa, aka haife shi ran Juma'a, duk kasuwa ta san shi da Ɗanjuma, bai ɓoye kome ba. Da laƙabin ma aka fi samunsa. Akawun da ya rubuta "Musa alias Ɗanjuma" a fayil ya ɗora masa tuhuma tun ba a ji ta bakinsa ba. Mafi yawanmu ofis za mu zauna gobe. In irin wannan fayil ya zo tebur, akwai "also known as", wadda ake taƙaitawa "a.k.a.", ita ce ta fi kusa da abin da muke nufi da laƙabi.