Tsohuwar Kyamara Ta Dawo, Kada Ki Yar Da Negatif

Yau batun hoto za mu yi, amma ba na waya ba. Na fim nake nufi, irin wanda ake kai wa mai hoto ya wanke, a yi kwanaki ana zumuɗin ganin yadda aka fito.

Da yawanmu mun ɗauka wannan yayi ya wuce, kuma da dalili. Wani ma'aikacin kamfanin Kodak na Amurka, Steven Sasson, shi ya ƙera kyamarar dijital a 1975. Sai ga shi irinta ce ta kashe kasuwar fim, har Kodak ɗin ya karye a 2012, da ƙyar ya farfaɗo. To amma abin mamaki, matasan Turai da Amurka da Japan, waɗanda suka tashi da waya a hannu, su ne suka koma neman tsofaffin kyamarorin iyayensu. Kodak ya dawo da fim ɗinsa na Ektachrome a 2018 bayan ya daina yin sa. Kamfanin Leica na Jamus ya sake fito da kyamararsa M6 a 2022, sannan a 2024 aka fitar da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17.

Me suke nema? Na farko, natsuwa. Naɗin fim guda hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kowane ɗaya kuma kuɗi ne. Don haka ba a latsawa barkatai. Sai an duba haske, an gyara tsayuwa, an jira kowa ya kimtsa. Na biyu, wanda ya fi shafarmu, fim yana bar wa mutum abin da zai riƙe a hannu, wato negatif, wannan siririyar leda mai duhu da mai hoto kan saka miki a cikin ambulan. Ita ce uwar hoto. Muddin tana nan lafiya, ko bayan shekara 50 ana iya sake fitar da hoton.

Ga misali. Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako ta ƙasar Mali a 1948, ya ɗauki mata da kwalliyarsu, ya kuma adana negatif ɗinsa. A shekarun 1990 aka sake wanke su aka baje kolinsu a Faransa da Amurka, duniya ta ga irin ɗaurin ɗankwali da atamfar matan wancan zamani. Nan Nijeriya kuma, marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitso a 1968, ya tara kusan 1,000. Wasu salon kitson an daina yin su, amma suna nan a fim ɗinsa.

Yanzu ki tambayi kanki, 'yar'uwa. Hoton auren mahaifiyarki mai yiwuwa yana nan a albam. Ina hotunan sunan ɗanki da kika ɗauka da waya? An sace wayar, ko ta faɗa ruwa, ko memori ya lalace, shi ke nan. Mu mata mu ke riƙe tarihin gida, mu muka san wa ke tsaye bayan amarya, kuma a wane gida aka ɗauka. In muka yi sakaci, jikokinmu za su tashi ba su san kamannin kakanninsu ba.

Saboda haka ga shawarwari. In kin ci karo da tsohuwar kyamarar maigida ko ta baba a ƙasan akwati, kada ki bai wa yara su yi wasa da ita. Kuma kada ki yi saurin buɗe bayanta, domin in da fim a ciki, haske na shiga hotunan sun ƙone. A kai wa tsohon mai hoto ya duba. Ki cire batir in akwai, don yana zubar da ruwa ya cinye cikinta. Ki nesanta ta da laima, musamman da damina, saboda gilashinta na yin fumfuna. Fim ɗin da ba a ɗauka ba kuwa zafi ne maƙiyinsa, a firij ake ajiye shi cikin kwalinsa. Shi kuma negatif, a gefe ake riƙe shi, ba a sa masa yatsa, a ajiye shi cikin takarda a wuri busasshe, nesa da rana.

Ban ce kowa ta je ta sayi fim ba, don yana da tsada, masu wanke shi kuma sun yi ƙaranci. In babu hali, ki ɗauki darasin kawai. Duk shekara ki zaɓi hotuna 10 ko 20 daga wayarki, a buga miki su a takarda, ki rubuta sunaye da shekara a bayansu da fensir, ki saka a albam.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.