Motar Da Za Ka Je Gwaji Da Ita

Jawabin da wani ɗan kwamitin dattawa ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, a Borokiri, Fatakwal.

Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya, malamanmu, dattawa, da ku samari da ke can baya, ina gaishe ku baki ɗaya. Ni ba direba ba ne, kowa ya san ɗan kasuwa ne ni. Amma an ce in yi magana a kan lasisin tuƙi, domin abin ya faɗo a gidana.

Bara na sa yarona makarantar koyon mota, ya gama, ya iya. Ranar gwaji na ari motar wani maƙwabcinmu muka tafi da sassafe. Jami'in ya fito, ko kallon yaron bai yi ba, sai ya zagaya motar. Ya ce taka birki, fitila ɗaya ba ta kama ba. Ya ce ja birkin hannu, motar ta ci gaba da gangarawa. Nan ya rufe takarda ya ce mu dawo wani lokaci. Yaro ko makulli bai murɗa ba. Na yi fushi a ranar, amma da na kwana sai na ga gaskiyarsa. Ni ma in za a sayar mini da albasa, ai sai na farke bakin buhu tukuna. To haka abin yake: mota ake fara gwadawa kafin direba.

Me ya sa maganar ta shafe mu? Tun da aka hana acaba a cikin Fatakwal a 2009, yaranmu da yawa suka koma Keke da mota da ɗaukar kaya. Kuma mu baƙi ne. Mutum a garin wasu, takardarsa ce danginsa a bakin titi.

Ku fara sanin hanyar. Hukumomi uku ke da hannu a lasisi. Jami'an duba motoci, wato V.I.O., su ke gwada mutum. Hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ita ke karɓar kuɗi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke ɗaukar hoto da zanen yatsu. Sai mutum ya kai shekara 18, kuma sai ya bi ta makarantar da hukuma ta amince da ita. Bayan ɗaukar hoto ana ba da na wucin gadi na kwana 60 kafin na ainihin ya fito, na shekara 3 ko 5.

Yanzu ga mota, ko ta makaranta ce ko ta aro.

Na farko, ta dace da ajin lasisin da kake nema. Ajin A na babur ne, ajin B na ƙaramar motar gida ne. Ba ka zuwa da ƙaramar mota ka ce lasisin babbar mota kake so. Kuma ka je da wadda hannunka ya saba da ita, ba wadda ka fara taɓa kulocinta a safiyar ranar ba.

Na biyu, takardu. Lasisin motar, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota, da inshora. A duba kwanan wata a kan kowacce. Inshorar ƙaramar motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a watan Janairun 2023. Saboda haka duk wanda ya miƙo maka ta naira dubu biyu a ƙarƙashin bishiya, takardar ƙunshe ƙosai ya sayar maka. Lamba kuma gaba da baya, a iya karanta ta.

Na uku, mai koyo ya riƙe izininsa na koyo, a manna jan harafin nan “L” gaba da baya, kuma mai lasisi ya zauna a gefensa. Kada yaro ya tuƙo kansa shi kaɗai zuwa wurin gwaji, ya karya doka tun kafin ya isa.

Na huɗu, jikin motar. Birkin ƙafa da na hannu. Fitilun gaba, na birki, na ribas, da sigina hagu da dama. Hon. Madubai, na ciki da na gefe. Gilashin gaba kada ya zama mai tsaga. Waifa kuwa, wanda ya taɓa bin Aba Road ana tsuga ruwan Yuli ba sai an yi masa bayani ba. Bel ɗin kujera ya yi aiki, naka da na jami'in da zai zauna gefenka, tun 2003 ake kama mutane a kansa. Sitiyari ya kasance a hagu, domin ƙasar nan ta koma bin hannun dama tun 2 ga Afrilun 1972.

Na biyar, taya. Nan ne mu 'yan kasuwa son araha ke cutarmu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin cewa taya ta wuce shekara 4 daga ranar da aka yi ta, to ta tashi aiki, ko da zanenta na nan raɗau.

Na shida, a buɗe but. Safaya mai iska, jak, sifanar taya, tukunyar kashe gobara wadda ba ta ƙare ba, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a titi in mota ta lalace.

Ƙwan fitilar da ya mayar da mu gida, da na je Ikoku, kuɗinsa bai kai abin da muka ƙona na mai a ranar ba. Birkin kuma bakanike bai yi awa ɗaya a kansa ba. Mako biyu bayan nan yaron ya koma, ya ci.

Na san wani zai ce, Alhaji, wahalar me? Ga masu kawo lasisi har gida, ba gwaji. 'Yan'uwa, ku guje su. Yanzu ana buga lambar lasisi a waya a ga ko na gaske ne. Wanda zai yi lodi daga nan ya bi Anaca ko Inugu zuwa Arewa, shinge nawa zai wuce? In kuma tsautsayi ya gitta aka buge ɗan wani, aka tarar lasisin jabu ne, ba sunan yaron kaɗai za a kira ba, cewa za a yi Hausawa. Mu ne za mu kwana a ofishin 'yan sanda muna neman beli.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, muna da tsofaffin direbobi da bakanikai a cikinmu. A ware mutum biyu, duk yaron da zai je gwaji ya kai musu mota ana jibi su duba. Ana jibi na ce, ba ana gobe ba, don a sami sararin gyara. Mai ba da aron mota kuma ya faɗi aibinta tsakani da Allah.

Wanda na faɗa daidai a ɗauka, inda na yi kuskure direbobinmu su gyara mini. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya mai da kowa gida lafiya.