Amana, Sadaukarwa da Mafarki: Ganɗoki na Walin Katsina da Labarin Allolin Amurka

Lacca da aka gabatar a Ƙofar Marusa, Katsina

 

Da yawa daga cikinmu mun ɗauki labaran aljanu da dodanni a matsayin abin hira da yara bayan sallar isha'i. Ina so in nuna muku a yau cewa marubuci yakan shiga duniyar da babu ita ne domin ya yi tambayar da ta yi masa nauyi a wannan duniyar. Tambayar da zan bi ita ce: wa ya cancanci a riƙe masa amana har a ba da rai? Littattafai biyu zan aza gefe da gefe, ɗaya na gida, ɗaya na waje.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Biyu daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar na wa da ƙane ne, kuma dukansu Katsina ta san su: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina.

Ganɗoki ya faro ne daga tarihi tsagwaronsa. Jarumin mayaƙi ne a Kwantagora ta Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wadda Turawa suka ci a 1901. Bayan shekara biyu Kano ta faɗi, Sakkwato ta biyo baya, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da dubban jama'a, aka tare shi a Burmi, ya yi shahada a watan Yuli na 1903. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya, har wasu suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu, a ƙasar Sudan. Lokacin da Malam Bello yake rubutu, shekara talatin kacal ke nan da faruwar wannan, kuma akwai tsofaffi da ransu waɗanda suka gani da idonsu.

Daga nan sai labarin ya bar ƙasar da muka sani. Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas, suka faɗa duniyar aljanu, inda takobi da jarunta ke da sauran daraja, inda Ganɗoki yake cin yaƙi yana ɗaukaka addini. Mai karatu na iya cewa marubucin ya gaji da tarihi ne ya koma tatsuniya. Ni ban gan shi haka ba. Ku tuna wane ne ke rubutun: malami a makarantar da Turawa suka kafa, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, yana miƙa rubutunsa ga Bature. Igwa ta riga ta raba gardama a Burmi. Amma amanar da mutanen nan suka riƙe ba ta mutu tare da su ba, sai marubucin ya gina mata wurin da za ta ci gaba da numfashi. Ƙasar aljanu a Ganɗoki mafarkin al'umma ne da aka ci da yaƙi, wadda ta ƙi yarda cewa jinin da ta zubar ya tafi a banza. Shi ya sa komowar jarumin gida take da nauyi, domin ya tarar mulkin Turawa ya zauna, dole ya rayu a cikinsa.

Mu kuwa ba mu taɓa raina mafarki ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba da labarin ganin da ya yi wa Shehu Abdulƙadir Jilani wajen 1794, inda aka ɗaura masa takobin gaskiya, shekara goma kafin hijirarsa zuwa Gudu. Al'ummar da ta tashi da irin wannan tarihi ta san mafarki na iya zama kira zuwa aiki.

Yanzu mu leƙa waje. A 2001 marubucin Ingila Neil Gaiman ya fitar da American Gods, wato Allolin Amurka, wanda ya ci kyaututtukan Hugo da Nebula. Ƙage ne, kuma a matsayin ƙage muke nazarinsa. Ya ƙaddara cewa duk al'ummar da ta je Amurka ta tafi da abubuwan bautarta, sai jikoki suka manta da su, suka tsufa, suka talauce, sababbin alloli na talabijin da intanet suka karɓe zukatan mutane. Cikin tsofaffin har da Anansi na mutanen Gana, ɗan'uwan Gizonmu. Wani mai suna Shadow ya fito daga kurkuku ya tarar matarsa ta rasu, ya kama aiki wurin wani dattijo mai suna Wednesday, wanda ashe Odin ne na mutanen arewacin Turai. Shadow ya yi wa dattijon alkawarin cewa in ya mutu zai yi zaman makokinsa, ya kuwa cika, aka ɗaure shi a bishiya na kwana tara, har ya ɗanɗana mutuwa. A duk tafiyar, wani mai kan ɓauna yana zuwa masa a mafarki yana nusar da shi. A ƙarshe ya gano dattijon mahaifinsa ne, kuma yaƙin da yake tara jama'a dominsa tsakanin tsofaffin alloli da sababbi damfara ce: jinin ɓangarorin biyu yake so domin ƙarfinsa ya dawo. Shadow ya tsaya tsakanin rundunonin ya faɗi gaskiya, yaƙin ya watse.

Ga inda littattafan suka rabu. Attahiru ya kira mutane zuwa hanyar da shi kansa ya bi har ya faɗi a cikinsu. Wednesday ya kira mutane su mutu domin shi ya rayu. Jaruman biyu, Ganɗoki da Shadow, duka masu cika alkawari ne, babu wanda ya fi wani. Abin da ya bambanta su shi ne wanda aka yi wa alkawarin. Malam Bello ya koya mana girmama sadaukarwa ko da an sha kashi, Gaiman kuwa ya koya mana bincikar mai neman ta.

Wannan darasi na biyu muna matuƙar bukatarsa. Mun ga samarinmu suna ba da jini domin ɗan siyasar da nasa 'ya'yan ke karatu a waje. Mun ga yadda aka ja wasu zuwa daji da sunan addini ko ramuwar gayya. Duk wanda ya ce ku sadaukar, ku dubi inda ya tsaya: a sahun gaba yake ko a bayan labule?

Ɗalibai, aikin da zan bar muku shi ne ku nemi Ganɗoki ku karanta shi duka, ku sa alama a daidai inda tarihi ya ƙare ƙage ya fara, ku tambayi kanku dalilin da ya sa Wali ya zaɓi wannan wurin. Masu sha'awar rubutu a cikinku kuma, zamaninku yana da nasa raunukan da ba su faɗuwa kai tsaye. Ku rubuta su da Hausa, kamar yadda malamin Kwalejin Katsina ya rubuta na zamaninsa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu riƙi amana inda ta dace.