Fankar Cikin Mota: Jawabin Akawun Ƙungiya a Taron Cika Shekara, Bimbila

Ina gaida shugaba, da iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, da 'yan uwa direbobi da suka taso daga Salaga, Yandi da Bawku. Allah ya saka da alheri.

An ba ni minti kaɗan, zan yi magana a kan fankar da ke hura iskar esi da ta hita a tsofaffin lorinmu, DAF ne ko MAN ko Kia Rhino. Wasu za su ce wannan ai jin daɗin direba ne kawai. To ku tuna, daga Maris zuwa Afrilu wanda ya ɗauko albasa daga Bawku a cikin wannan zafi, barci ne ke fara kama shi. Da damina kuma gilashin gaba yakan yi raɓa ta ciki, wannan fankar ce ke share shi. Direban da ke goge gilashi da tsumma yana tuƙi a hanyar Nkwanta da dare, ransa da doyar mutane duka suna cikin haɗari.

In fanka ta mutu gaba ɗaya, a fara da fis, sannan rile, sannan wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, domin tsatsa da girgizar hanya sukan kwance ta. Mai gyaran wutar mota ya sa ƙwan gwaji a bakin wayar da ke shiga motar fankar. In ƙwan ya kama, fanka ba ta juya ba, laifin nata ne. In bai kama ba, matsalar tana baya, a makunni ko a waya, kada a sayi sabuwar fanka a banza.

In tana aiki a lamba ta ƙarshe kaɗai, ɗaya da biyu sun mutu, rizista ce ta ƙone, saboda lambar ƙarshe ba ta bi ta cikinta. Iskar fankar ce ke sanyaya rizistar. Ƙurar hunturu in ta toshe hanyar iska, sabuwar ma za ta ƙone. A buɗe a kakkaɓe kafin a sa wata.

In sai an ɗan bubbuga jikinta take tashi, kabon ɗin ciki ne ya cinye, ana sauya shi da kuɗi kaɗan. In tana ƙara ko tana juyawa da ƙyar, a duba, sau da yawa ɓera ne ya yi sheƙa bayan lodin masara. In kuwa iska na fitowa da ƙarfi amma babu sanyi, fanka lafiyarta lau, gas za a duba.

Babban roƙona shi ne fis. In ya ƙone sau biyu a jere, akwai abin da ke jan wuta fiye da kima. Kada yaron mota ya naɗa waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa. Wayar da ke bayan dashbod ce za ta yi zafi a madadinsa, gobara kuma ba ta tambayar wa ke da kaya.

Masu aika saye Suame Magazine a Kumasi ko Abossey Okai a Ankara, ku tafi da tsohuwar a hannu. Manyan motoci masu batir biyu a jere bolt 24 suke ci, ƙanana 12. Fankar 12 a motar 24 ba ta daɗewa. Araha ba ta ado.

Iyayenmu masu motoci, in direba ya kawo ƙarar fanka, a ba shi kuɗin gyara tun a tasha, kafin a yi lodi.

Allah ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ya ƙara wa kasuwa albarka.