"Ba Ta Aiki, Tana Gida"

A Tudun Wadan Zariya idan aka tambayi magidanci sana'ar matarsa, sau da yawa amsar ita ce: "Ba ta aiki, tana gida." Alhali tun kiran assalatu ta hura gawayi, ta dama koko, ta yi wa yara wanka. Ran da famfo ya ɗauke, ita ce a bakin zaure da goyo tana sauraron mai garuwa.

A babban gida na da, akwai kaka da facaloli masu kama mata. Yau a ɗaki biyu na haya ita kaɗai ce, sai nauyin ya gangaro kan babbar 'yarta, wadda ke makara zuwa makaranta saboda wanke-wanke da raino. Wannan asara ce babba.

A 2021 gwamnatin tarayya ta amince ma'aikatanta maza su ɗauki hutun kwana 14 idan matansu sun haihu. Sai dai tela da ɗan kasuwa da mai Keke Napep ba su da wannan hutu. Duk da haka, kai yara Islamiyya, ko riƙe jariri bayan magariba har uwar ta sauke tuwo, bai fi ƙarfin kowa ba. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) yakan taya iyalinsa hidimar gida.

Maigida, cefane kaɗai bai sauke maka nauyi ba. Zauna da uwargida yau ku raba aikin.