ƘYALLE A ƘIRJI BA YA WARKAR DA CIWO: JAWABI A WURIN LACCA

Mun gode da kuka bar aikin gona a tsakiyar kaka kuka zo. Yau za mu ajiye maganar ƙuri'a tukuna, gama sai mai rai ke jefa ta.

A lokacin da muke yankan gero da dawa, a ƙasashen Turai da Amurka ganyaye ke zuba, sanyi na matsowa. A cikin waɗannan watanni aka jera ranakun faɗakarwa kan lafiya. Ran 29 ga Satumba ta zuciya ce, 10 ga Oktoba ta lafiyar ƙwaƙwalwa, 24 ga Oktoba ta shan inna, 14 ga Nuwamba ta ciwon sukari. Amma wanda ya fi su amo shi ne watan Oktoba ɗungurungum, da aka keɓe domin sankarar mama, watau ciwon daji na nono. Shi za mu duba yau.

An soma wannan al'amari a Amurka a 1985. Waɗanda suka haɗa kai suka kafa shi su ne ƙungiyar yaƙi da sankara ta Amurka da wani kamfani mai suna Imperial Chemical Industries, wanda a cikin hajarsa har da maganin wannan ciwo. Ku riƙe wannan: tun ranar haihuwa akwai ɗan kasuwa a ɗakin.

Sai labarin ɗan ƙyallen nan ruwan hoda da ake maƙalawa a ƙirji. A 1991 wata dattijuwa a Kalifoniya, Charlotte Haley, wadda ciwon ya kama kakarta da 'yar'uwarta da 'yarta, ta riƙa yin ƙyallaye masu launin ruwan goro mai haske da hannunta. Tana rabawa tare da takarda mai ƙorafi, cewa kashi 5 cikin 100 kaɗai na kuɗin hukumar binciken sankara ta ƙasarsu ake kashewa kan rigakafi. A 1992 mujallar Self da kamfanin kayan kwalliya na Estée Lauder suka nemi ta ba su ƙyallen. Ta ƙi, don ta ga ciniki ya yi yawa a ciki. Sai suka canja launi zuwa ruwan hoda, suka baza shi a kantuna. Ƙyalle ya zaga duniya, amma tambayar dattijuwar nan, ina kuɗin ke zuwa, aka bar ta a baya.

Kada a ce mun raina aikin. An tara kuɗin bincike masu yawa, kuma ciwon da dā ake raɗa da shi ya zama abin faɗa a fili. Amma a auna da mudun gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 an sami ciwon a jikin mata miliyan 2.3, ya kashe kimanin 670,000. A ƙasashe masu arziki, fiye da mata 90 cikin 100 suna raye shekara biyar bayan an gano shi. A Indiya 66 ne, a Afirka ta Kudu 40. Ciwo ɗaya ne, to, me ya raba su? Zuwa da wuri, da samun magani.

A nan wajenmu mun san yadda abin yake. Mace ta ji ƙullutu a nono, ba ya zafi, sai ta yi shiru don kunya. In ta faɗa, a ce sammu ne, a yi ta shafe-shafe wata da watanni. Sai ya fashe kana a nemi mota. A can kuma a tarar da layi, da kuɗin gwaji wanda ya fi ƙarfin talaka.

A 2021 Hukumar nan ta kafa ma'auni uku: a gano aƙalla 60 cikin 100 na masu ciwon tun yana farko, a gama bincike cikin kwana 60, kuma 80 cikin 100 su kai ƙarshen magani. Da wannan za mu tambayi duk mai mulki da duk kamfanin da ya zo mana da riguna da ganguna a Oktoba. Mata nawa aka duba? Nawa aka yi wa magani? Sisi nawa ya isa asibiti?

Mun taɓa ganin faɗakarwa mai amfani. Shan inna bai ja da baya don ranar 24 ga Oktoba kaɗai ba. Mata ne suka bi gida gida da ƙafarsu suna ɗiga wa yara magani, har a 2020 aka tabbatar ƙwayarsa ta asali ta ƙare a Afirka.

Saboda haka ga saƙonmu. Iyayenmu mata, in kun ji ƙullutu a nono ko a hammata, ko kan nono ya lotsa ciki, ko yana fid da jini, ko fata ta zama kamar ɓawon lemo, ku je wurin likita a makon nan. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma likita ne zai faɗa. Mu maza, ciwon yakan kama mu ma, ko da yake kaɗan ne. Kuma yanzu da amfani ya shigo rumbu, kafin a shiga bukukuwa, kowa ya ware kuɗin mota da na gwaji don mai ɗakinsa. Kada wanda ya hana matarsa zuwa asibiti ya zo nan yana yi mana maganar 'yancin talaka.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya mai da kowa gida lafiya. Haza wasalam.